Gogen Kaka Jatau, Kira Ba Sallama

Madarunfa, 9 ga Oktoba, 1998

Zuwa ga ƙanena Zakari,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan waƙarka. Yaya Yamai, yaya zafi? Mu nan an shiga girbin hatsi, tafki kuma ya cika ya batse har gindin kukoki. Baba yana gaishe ka, ko da yake gaisuwar tasa a taƙaice take kwanan nan.

Kaset ɗinka ya iso. Ɗan Azumi direba ne ya kawo mini nawa, amma kafin in sayo pil, batirin rediyo, gari duk ya riga ni ji. Sunansa ma, Kushewa ta Ɗari! Wai kai, Zakari, da ko kukan mujiya ka ji sai ka shige zanena, yau kai ne mai tsorata mutane. Kowa ya san kusheyin waliyyai casa'in da tara ake faɗa a gewayen tafkinmu, kai kuma ka haƙa ta ɗari da bakinka, ka bar ta buɗe tana jiran mai ita. Samari a fada, wurin hirarsu, sun haddace kaset ɗin kaf, suna ta wannan magana taku mai gudu da kuke kira rap, hula a karkace. Yara sun daina bin hanyar tafki su kaɗai. Liman ya taɓo ka a huɗuba bai kama suna ba, Baba ya dawo ya ƙi cin abincin rana.

Ni dai ya yi mini daɗi, kada ka faɗa wa Baba. Wannan numfashi da ka sa ƙarƙashin ganga, da ƙarar ƙafa cikin ruwa, sai na ji kamar ina barci ido buɗe. Amma da aka zo waƙar ƙarshe gabana ya faɗi. Tun jan farko na gane gogen marigayi Kaka Jatau, wanda ka ɗauka a rediyonka gindin tsamiya, can ƙauyensu wajen Gabi, hutun da ya gabaci rasuwarsa.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar kasuwa Kaka Marka ta fita sayen daddawa, mai kaset kuwa ya ƙure murya, daidai wajen gogen mijinta. Waɗanda suka gani sun ce ba ta faɗi ba, ba ta yi ihu ba. Ta aje ƙwaryarta a ƙasa a hankali, ta juya, ta miƙe hanyar tafki. Can na same ta zaune, ƙafafu cikin ruwa, tana murmushi. Na kira ta, ta dube ni yadda ake duban baƙuwa mai kirki.

Tun ranar haka take. Da safe ta tafi bakin ruwa, da yamma in riƙo hannunta mu dawo. Ba ta magana, kuma loma biyu take ci ta ture kwano. Ina jin tsoro, Zakari, kuma ba irin tsoron kaset ɗinka ba ne.

Ka gaida mai gidan da kake zaune. Allah ya tsare.

Yayarka,
Sadiya


Madarunfa, 27 ga Oktoba, 1998

Ƙanena Zakari,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikinka, yaya aiki? Na sami amsarka, na kuma ga inda hawaye ya ɓata tawada, don haka faɗan da na tanadar maka na aje shi sai ka zo.

Kaka tana nan yadda take, sai dai ta rame, awarwaronta har gwiwar hannu yake zamewa. An kai ta likita, sun ce ba su ga ciwo ba. Baba ya yi rubutu ya ba ta, ta sha ba gardama, ta koma bakin ruwa. Ni nake raka ta yanzu in na taso daga lakwal, makarantar da nake koyarwa. Mu zauna, balbelu su sauka, masunta su wuce kwance bisa gorunansu, furen bado ya rufe da la'asar. Tana kaɗa kai a hankali kamar mai bin kiɗa, wani lokaci ta gyara zama ta bar wuri a gefenta. Wallahi in na daɗe tare da ita har ni ma sai in ji kamar ana jan goge can hayin ruwa.

Shekaranjiya Tani ta zo daga ƙauye, ƙawar Kaka tun zamanin da suke bori tare, kafin Baba ya ɗauko Kaka ta dawo wurinmu ta bar borin. Na sa mata waƙar can nesa da gida. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni ina sauran. Ta ce abin da ka sa taken iskar Kaka ne, wanda Kaka Jatau yake kiranta da shi, kuma mai goge ba ya kira ya tashi. In an gama sai ya juya hannu ya yi kiɗan sallama, iska ta sauka, mai ita ta yi atishawa ta dawo cikin mutane. Kai ka sa kiran, ka yanke sallamar.

Ni malamar lakwal ce, ina salla, ban san abin da zan ce da wannan magana ba. Amma na bar Tani ta kawo wani mai goge, ya yi ta ja har ya yi gumi, Kaka ko waiwaye. Tani ta ce hannun da ya kira shi ke sallama, hannun kuwa yana ƙasa.

Saboda haka ina roƙonka, ka duba kaset na asali, wanda ka ɗauka gindin tsamiya. In Kaka Jatau ya kai kiɗan ƙarshensa, in kuma ba ka ɗora wata waƙa a kai ba, ka ba Ɗan Azumi ya taho da shi a motar farko. Kada ka tsaya neman kwafi.

Baba bai san na rubuta wannan ba. Ka kula da kanka.

Taka,
Sadiya


Madarunfa, 12 ga Nuwamba, 1998

Zakari ƙanena,

Ina gaishe ka, ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Saƙo ya iso. Na karanta inda ka ce ka yanke ƙarshen ne don ya yi sanyi da yawa, ba ya ba da tsoro. Allah ya shirye ka.

Jiya da hantsi muka tafi, ni da Tani. Baba ya ga rediyo a hannuna, ya san inda za mu, ya kau da kai ya ci gaba da jan carbi. A bakin ruwa na daɗe yatsana bisa maɓalli. Fuskarta a sake take, Zakari, rabon da in ga ta haka tun Kaka Jatau na da rai, sai na ji kamar zan tashe ta daga wuri mai daɗi in maido ta cikin zawarci da ciwon gwiwa. Da na dubi wuyan hannunta sai na danna.

Kiɗan sallamar a hankali yake, yana sauka yana sauka. Kaka ta daina kaɗa kai. Ta yi atishawa, ta sake yi, ta ɗago ta dube ni, ta kira sunana, ta tambayi wanda ya fito da ita ba mayafi. Tani ta rangaɗa guɗa har balbelu suka tashi.

Murna ta sa na manta ban kashe rediyon ba. Ashe kai ma ranar ba ka kashe naka da wuri ba. Bayan gogen ya yi shiru sai aka ji Kaka Jatau ya yi tari, ya aje goge, ya ɗaga murya ya kira Marka ta kawo masa ruwa. Ta amsa masa, Zakari. Da hankalinta, da muryarta ta kullum, ta amsa, ta miƙe tsaye, ta juya neman randa. Nan ta tsaya, ta dubi tafki, ta dubi rediyo, ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai yawa, muka bar ta ta yi.

Da muka koma gida ta shanye fura ƙwarya guda. Ta ce in gaya wa angonta na Yamai waƙarsa hayaniya ce, kuma ya zo ta ga ko ya rame. Goge kuwa ta ce ba ta son ta ƙara jin sa, da kiran da sallamar. Wurin da ya nemi ruwa kawai take so. Yau da safe ta sa na mayar mata shi, ta saurara, ta amsa a hankali, ta tashi ta shiga shara. Saboda haka kada ka aiko karɓar kaset ɗin nan, ba zan ba da shi ba.

Kowa yana gaishe ka, har Baba, wannan karon da bakinsa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka mai ƙaunarka,
Sadiya