Tantabarun Egon da Na'urar Sansanar Numfashi

Baba,

Gaisuwa mai yawa daga Hamburg. Ina fatan kana lafiya, ban da tarin nan da kake ɓoye mini. Likita yana zargin ƙurar tantabarunka. In ta tabbata sai ka rabu da su, kuma ba wasa nake ba. Na sa sunanka a wani gwaji a Dortmund. Za ka hura a bututu, na'ura ta rarrabe warin numfashinka ɗaya bayan ɗaya, ko za a ga alamar ƙwayar cuta. Ranar, ban da abinci, ban da sigari, ban da goge baki.

'Yarka,
Silke

Silke 'yar albarka,

Na amsa gaisuwa, tantabaru ma suna gaishe ki duk da sharrin da kike ƙulla musu. Na je da yunwata. Sai dai a bakin ƙofa na shaƙi garin tabata mai ƙanshin na'a-na'a, kamar yadda muke yi kafin mu sauka ramin kwal, inda ashana haramun ce. Na hura, yarinyar da ke kula da na'urar ta dubi allo ta ce, "Malam Kaczmarek, gonar na'a-na'a ka haɗiye?" Na ce ai ba a hana hanci ba. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce in dawo ran Litinin.

Gaskiya tsoro ya kama ni, Silke. Na kai tantabarun gidan abokina Horst a Gelsenkirchen, don kada a ƙwace su ina kallo. Gidana ya yi mini shiru.

Babanki,
Egon

Baba,

Barka da haƙuri. Wa ya ce ka bayar tun ba a ga sakamako ba? Na yi kuka da na karanta. Ran Litinin ka bar gwangwanin tabar nan a gida, don Allah.

Taka,
Silke

Silke,

Gaisuwa da albishir. Na'ura ta nuna alama, gwajin majina ya tabbatar: ƙwayar cuta ce, magani zai kore ta. Tantabaru ba su da laifi. Na ɗauki hula zan je roƙon Horst ya mayar mini da su, sai na ji guɗarsu a kan rufi. Ashe ya buɗe musu keji da safe su sha iska. Duk sun taso sun dawo gida, ko ɗaya ba ta ƙara kwana a Gelsenkirchen ba.

Ki huta lafiya,
Babanki