Ƙugiya a Shafi na Tamanin da Uku

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Inna ta ce ka bar maɗaba'a, ka samu aikin edita. Allah Ya sa albarka, ko da yake a bakinta na ji.

Shafina na intanet yana nan yana tafiya, duk Laraba ina sharhin littafin ƙirƙirar kimiyya guda. Jiya wani kamfanin wallafa ya aiko mini da sabon littafi in yi masa sharhi, da sunan marubucin da ban taɓa ji ba. Labarin masu haƙar ƙanƙara ne a wata duniya mai rana biyu. Yaya, littafina ne, wanda na shekara huɗu ina rubutawa a teburin kicin. Sunayen mutane kawai aka sauya. Babi uku na taɓa sakawa a shafina, amma wannan yana da duka ashirin.

Don Allah ka kira ni.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin ƙafar taka? Sau shida na kira, wayar tana shiga, ba a ɗauka.

Na rubuta wa kamfanin cikin ladabi. Lauyansu ne ya amsa: wai ni na kwashi babi uku daga littafinsu, kuma in ban sauke su cikin mako guda ba za su sa a rufe shafin, mu haɗu a kotu. Masu karatuna sun fara tambaya. Wata da ta shekara biyar tana bibiyata ta rubuta cewa ba ta zaci haka daga gare ni ba. Akwai kuma wani marar hoto, marar suna, da ke barin saƙo iri ɗaya kowace safiya, wai in saurara don zaman lafiyar gidanmu. Ban taɓa ambaton gidanmu a shafin ba.

Ban gaya wa Inna komai ba, saboda hawan jininta.

Taka,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ka. Ina fatan kowa lafiya.

Na karanta littafin nan da fensir a hannu, layi bayan layi, yadda ka koya mini. Ka tuna tsohuwar kwamfutata ba ta da haruffa masu ƙugiya, sai in sa waƙafin sama bayan harafi: k', d', b'. Bara na ba ka rubutun ka gyara mini. Maimakon ka bi su ɗaya-ɗaya, ka umarci na'ura ta mayar da kowane k' ya koma ƙ. A inda shugabar mahaƙa take cewa 'Ku tsaya cak', alamar rufe zance ta biyo bayan k, na'ura ta haɗiye ta. Ya koma caƙ. Mun yi dariya har Anti ta leƙo daga ɗaki, kuma wata guda kana kirana Malama Caƙ.

Na gyara shi a kwafina tun ranar. A naka ne kawai ya rage.

Caƙ ɗin nan yana shafi na tamanin da uku na littafinsu, layi na tara.

Yau da safe na kira kamfanin na nemi sabon editansu. Aka ce in dakata. Na ji sallamarka, na kashe wayar.

Wa'adin lauya zai cika Alhamis. Sharhin Laraba na rubuta shi, da hoton shafin littafin, da saƙon da ka dawo mini da rubutun a ciki, mai ɗauke da kwanan wata. Ban sa sunanka ba, amma kamfanin ba zai sha wuyar gano shi ba. In na buga, aikinka ya tafi, kuma Inna za ta ji. In ban buga ba, ni ce ɓarauniyar littafina har abada.

Ina gida ranar Talata daga safe har la'asar. Na fi son in ji daga bakinka. Saƙon nan marar suna na kowace safiya kuma ka daina, na gane rubutunka tun na biyu: kai kaɗai na sani mai barin fili kafin waƙafi.

A gaishe da yara.

Ƙanwarka har yanzu,
Auta