Burodin Firenze Ba Gishiri

Ɗiyata Nunzia,

Ina gaishe ki. Ya jikokina? Mijin nan naki, Saverio, yana ba awakina ruwa kuwa? Har yau ban yarda da shi ba.

Mun iso Firenze lafiya. A jirgin ƙasa numfashin uwarki ya ɗan sarƙe, amma kada ki damu, ya wuce.

Da rana muka shiga gidan abinci. Na gutsuri burodi, ko ƙwayar gishiri babu! Na ce wa mai kawo abincin an yi mantuwa. Ya ce, "Baba, haka muke gasa shi tun kakanni." Na ce ashe mantuwar gado ce. Na ce wa uwarki gobe sai gida Kalabriya.

Ko kallona ba ta yi ba. Kin san rabonta da burodi tun da likita ya hana ta gishiri. Ta cinye nata, ta jawo nawa, ta ce, "Tsoho, yi ta mitarka, miƙo man zaitun."

To, za mu cika makon, ba don garin ya burge ni ba. Gobe zan je in ga yadda mai burodin yake ɓata shi, don in riƙa ɓata mata a gida.

Allah ya yi muku albarka.

Babanki,
Rocco