Saƙon Inna Da Na Riƙe Ban Isar Ba

Salama a gare ku, mai kula da wannan shafi da duk masu karatu, Kirista da Musulmi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe. Ban yi zurfi a boko ba, ku yi haƙuri da rubutuna.

Ni dattijo ne, na haura saba'in, ɗan Katolika, manomi a wani ƙauye ta wajen Baure. Ba mu da yawa a ƙasar Daura, shi ya sa tun ina saurayi ni ke karanta wa jama'a Littafi Mai Tsarki ran Lahadi in Fada, limamin cocinmu, bai samu zuwa ba. Mu biyu Innarmu ta haifa, ni da ƙanena da muke kira Auta. Auta ya shiga fataucin dabbobi, ya zauna a garin Babban Mutum, can ya musulunta ya yi aure. Na ɗauki abin kamar ni aka kunyata a gaban 'yan coci: mai koya wa mutane hanya, ga ɗan ɗakinsu ya bar ta! Na buɗe Littafi na nemo wurin da Yesu ya gaya wa manzanninsa cewa in gari ya ƙi karɓarsu su karkaɗe ƙurar ƙafarsu su wuce. Na ce shi ke nan, na samu hujja. Ban ƙara buɗe wani shafi ba, don wannan ne ya yi daidai da fushin da ke cikina.

Da ciwon ajali ya kama Inna, kwana huɗu tana cewa, "Babba, ka aika a kira mini Auta." Ni kuma ina cewa, "An aika, Inna, hanya ce ba kyau." Allah ya sani ban aiki kowa ba. A rana ta ƙarshe ta gane ba zai zo ba, sai ta kama hannuna ta ce, "Ka gaya masa na yafe masa duniya da lahira. Allah ya yi masa albarka duk inda yake sa goshinsa." Mu biyu ne kaɗai a ɗakin. Sai bayan mun binne ta labari ya iske shi a kasuwa. Ya zo hankali a tashe, ya durƙusa gabana a zaure yana cewa, "Yaya, ta ambace ni? Ta yafe mini?" Na dube shi ido cikin ido na ce, "Da na kawo sunanka, juya fuska ta yi bango." Na gaya wa kaina wai wannan zai girgiza shi ya dawo coci. Ƙarya nake yi. Haushi ne kawai: ni na yi jinya, ni na yi wankin tsummokara, amma da sunansa ta cika a baki.

Bai dawo coci ba, bai kuma yanke ni ba, wannan ne ma yake cina. Sama da shekara ashirin, duk babbar Sallah cinyar rago sai ta iso gidana. Ran auren 'yata shi ya tsaya kan komai, yana ta zolayar angon yana cewa, "Kai, ka ga wannan tsohon? Bai iya dariya ba, amma mutumin kirki ne." Mutumin kirki! Wane irin mutum ne zai ci naman ɗan'uwansa shekara da shekaru, alhali yana zaune kan albarkar uwarsa?

Bana, ran godiyar kaka, ina ɗauke da damin gero zan kai gaban bagade, wurin miƙa hadaya a coci, sai wata aya ta faɗo mini a rai, wadda ke cewa in ka kawo baiko, wato sadaka ga Allah, ka tuna akwai abu tsakaninka da ɗan'uwanka, ka ajiye shi ka je ku shirya tukuna. Sau nawa na karanta wa mutane ita? Har maƙwabta masu rigimar iyakar gona na sasanta da ita. Na je wurin Fada na furta zunubina, karo na farko da na faɗa wa wani mai rai. Yaro ne, sa'an ɗana, amma bai sassauta mini ba. Ya ce, "Baba, Allah mai gafara ne. Sai dai saƙon nan ba naka ba ne, kuma mai shi yana raye."

To ga inda na tsaya. Auta yanzu yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, matarsa ta ce likita ya hana a gaya masa duk abin da zai tayar masa da hankali. Makon jiya na hau mota na je da niyyar faɗa. Na zauna bakin tabarma, ya riƙe mini hannu da hannunsa mai lafiya, bakinsa a karkace ya ce, "Yaya, ba mutuwar nake tsoro ba. Da wane ido zan dubi Inna?" Kun san abin da na ce? Na ce, "Allah zai ba ka lafiya," na shiga ba shi labarin yadda wake ya yi bana. Na dawo gida ban faɗa ba.

In na faɗa masa duka, ina tsoron jininsa ya hau ya tafi a gabana, 'ya'yansa su ce ni na ƙarasa shi. In na ce masa wai yanzu na tuna, na ɗora sabuwar ƙarya kan tsohuwa. In kuma na jira ya samu sauƙi, wa ya ce mini zai samu? Ko dai ba lafiyarsa nake tsoro ba, kallon da zai yi mini nake gudu? Ni kaina ban sani ba.

Kasuwa mai zuwa akwai motar da za ta bi ta garinsu. 'Yan'uwa, ku da kuka san darajar yafiyar uwa, ku gaya mini tun yana iya jin magana: me zan yi?