Na Haɗu da Malamarku a Wurin Motsa Jiki

Auta,

Na leƙo kina barci, ban so na tashe ki ba. Yau ma aikin safe gare ni, ga ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Jiya da na tashi daga aiki na biya makarantarku, wurin motsa jikin da matan unguwa ke yi. Ashe malamarku mai ba da shawara kan shiga jami'a ita ma tana zuwa. Muna hutawa na yi mata godiya kan zaman da take yi da ke duk Laraba. Sai ta ce, "Mama, ai ba ta taɓa zuwa ofishina ba. Tana bayan ɗakin taro tana koya wa ƙananan yara ƙwallon raga."

Na rasa inda zan sa kaina don kunya. Shi ya sa da na dawo ban kula ki ba, ko abincin da kika ajiye min ban taɓa ba. Ki yi haƙuri, gajiya ce ta haɗu da ɓacin rai.

Ta ce koyarwar ba ɓata lokaci ba ce, za ta ma taimake ki, amma an kusa rufe neman gurbin jami'a. Ki same ta yau kafin a tashi. In ba likitancin da nake ta ambato kike so ba, ki faɗa mata gaskiya, ni ma ki faɗa min. Ƙwallon bai dame ni ba. Abin da ya yi min ciwo, a bakin wata na ji.

Mamanki