Mangwaron Baban Joel

Zuru, cikin watan Oktoba

Baban Joel,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikin? Yaya idon? Ina fata maganin ɗigawar nan ya daina yi maka yaji. Yaya Praise da mijinta da yara? Mu nan lafiya lau, sai dai kewarka da ta dame ni tun da ka tafi asibitin ido a Kaduna kafin saukar damina.

Ka ce ba ka son waya, ka fi son takarda irin ta lokacin da kake soja. To ga ta nan. Ke kuma Praise, tunda ke za ki karanta wa babanki, ki karanta a hankali, ban da dariya.

A saƙonka ka tambayi lafiyar mangwaronka kafin ka tambayi tawa. Na ji, kuma na riƙe. Yanzu haka a gindinsa nake zaune. Da rana ta karkata, nakan lumshe ido in gan ka a gonar babana a Dabai, lokacin da kake golmo, noman neman aure, domin a ba ka ni, kai da abokanka kuna ta huɗa, zufa na zuba. Na kawo muku ruwa, na ɓoye mangwaro ɗaya a zani na miƙa maka. Ka shanye, ka sa ƙwallon a aljihu, kai ka ɗauka ban gani ba. Da muka sami filin nan, duk daji ne, ka dasa ɗan tsiron tun ba mu da ko ɗaki. Yau ga gidaje sun kewaye mu, 'yan babur ma da shi suke kwatancen gidanmu.

Akwai maganar da Joel ya ce kada in faɗa maka, wai yana son ka dawo ka sha mamaki. Ni kuwa ta ƙi zama a cikina. Bayan tafiyarka ya zo hutu, ya tuna ranar da ka yi tuntuɓe da saiwar mangwaron ka fasa gwiwa. Sai ya kawo magina suka shafe tsakar gidan da siminti, tun daga ƙofa har jikin itacen, sumul kamar faranti. Don kai ya yi. Ni ma na yi murna, domin bana ban taka taɓo ba.

Amma itacen ba ya jin daɗi, Baban Joel. Ganyensa ya koma ruwan ɗorawa, yana ta zuba, kan rassan yana bushewa. Duk ruwan da aka yi bana ina kallonsa, ya bi kan siminti ya fice ta rariya, ko ɗigo bai shiga ƙasa ba. Kurciyoyin nan ma sun rage zuwa. Tsoro nake ji kada ka dawo ka tarar da kututture. Ka gaya mini yadda zan yi.

Ka gai da kowa. Allah ya ƙara sauƙi.

Taka,
Beatrice

Zuru, cikin watan Nuwamba

Baban Joel,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya ƙarfin jiki? Yaya sanyin Kaduna? Ka riƙa sa hular nan da na saƙa maka, ko da ba ka son launinta.

Amsarka ta iso ta hannun direban motar tasha. Wai a bar simintin, kada a ɓata wa yaro rai, itace ai itace ne. Haba, Baban Joel! Ni za ka gaya wa haka? Kai da kake hawa da tsufanka kana cire masa kauci da hannu, kana zuba masa toka don gara, ka hana kowa ko ƙusa ya kafa a jikinsa? Na karanta na ajiye, na ce mutumin nan akwai abin da yake ɓoye mini.

Washegari Praise ta kira ni ta faɗa mini abin da likita ya ce, cewa ganin ba zai dawo ba. Kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Sai na gane abin da ka sa a ranka: tunda ba za ka ƙara ganin itacen ba, gara a bar maka ƙasa mai laushin tafiya, kada ka zame wa kowa wahala.

Ran nan na kwanta a tabarma bayan abincin rana, barci ya ɗauke ni. Na yi mafarkin ka dawo, ka tsaya a tsakar gida da sandarka, kana juyawa kana neman inda ɗakinmu yake. Ko'ina sumul, ko'ina rana, babu abin da zai gaya maka gabas ko yamma. Ina kiran ka, muryata ba ta fita. Sai na ji wani abu yana numfashi a ƙarƙashin ƙasa, a hankali, kamar mai barci da aka rufe wa fuska da bargo. Na farka ganye busasshe na kan ƙirjina.

Na kira Joel na gaya masa komai. Ya ce a fasa simintin, kuma in gaya maka ka yi haƙuri. Na ce masa ba laifi ya yi ba, ƙauna ce ta yi masa yawa.

Da ka ga tsakar gidanka ranar! Matan zumuntar majami'armu suka zo bayan koyon waƙa, wata da diga, wata da guduma, Maman Success har da taɓarya ta zo. Muna waƙa muna fasawa. Mun buɗe fili mai faɗi, iyakar inda inuwa take kaiwa, muka bar sauran simintin ta wajen madafa. Ƙasar da ke ƙarƙashi ta bushe ƙamas, ga gara ta yi gida. Muka sassauta ta a hankali don kada mu ji wa saiwa ciwo. Amininka Hammadu ya kawo takin shanunsa a amalanke, ya hau ya sare rassan da suka mutu, ya shafe wuraren saran da laka. Yana gaishe ka ƙwarai.

Yanzu kullum da safe ina ba shi ruwa, ina yi masa hira. Ban sani ba ko zai tashi. Ka sa mu a addu'a, ni da shi.

Taka har kullum,
Beatrice

Zuru, cikin watan Fabrairu

Baban Joel,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki? Na ji an sallame ka, kuma Joel zai kawo ka ranar Asabar. Na gode wa Allah. Tun da na ji nake ta shara, har maƙwabta suna yi mini tsiya wai amarya na jiran ango.

Zan faɗa maka gaskiya tun kafin ka iso. Ɓangaren yamma na mangwaron ya tafi, ba zai dawo ba. Inuwar ta ragu, da yamma rana takan kai har bakin ɗaki. Na daɗe ina kallon gefen da ya rage, babu motsi, har na fara fid da rai.

Sai shekaranjiya da safe, ina fitowa, wani ƙamshi ya tare ni a ƙofa. Na ɗaga kai. Baban Joel, ya yi fure! Duk gefen gabas ya yi fure, ga ƙudan zuma sun cika shi, suna ta guɗa kamar an tada waƙa a majami'a daga nesa. Na tsaya da bokiti a hannu har ruwan ya zube a ƙafata ban sani ba. Kurciyoyin ma sun dawo, har da wadda kake cewa tana zaginka.

Saiwoyin suna nan a fili yadda ka san su, har da wadda ta fasa maka gwiwa. Na so in rufe ta da ƙasa, sai na fasa. Jiya na rufe idona na taka daga ƙofar gida. Ƙafata ta ji inda siminti ya ƙare, ta ji sanyin ƙasa, ta ji saiwar, sannan iska ta canza a fuskata, na san na shiga inuwa. Na miƙa hannu, sai ga jikinsa. Ni da ban kai ka sanin itacen ba ke nan.

Saboda haka ranar Asabar kada ka yi fushi idan ban tare ka a bakin ƙofa ba. Ka ce wa Joel ya sake maka hannu. Ka bi ƙamshin, ka bi kukan zuma. Kujerarka tana inda ka bar ta, ni kuma ina zaune kusa da ita.

Praise, kin gama aikinki, Allah ya yi miki albarka. Sauran maganar da bakina zan faɗa masa.

Matarka mai jiran ka,
Beatrice