Harsashi a Cikin Laya

Inno,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau daga Jidda. Yaya ƙafar taki, ta yi sauƙi? Yaya ƙanena Hussaini da yara? Ni lafiya lau nake, ana ba mu abinci sau uku, har da shayi.

Na ce ana ba mu, don a tsare nake. Wata biyu ke nan da 'yan sanda suka tare mu a ƙofar siton da nake dako, suna tambayar iƙama, wato takardar izinin zama. Kin san ba ni da ita. Da wannan ne kaɗai laifin, da tuni sun sako ni a jirgi. Amma wajen caje suka ga layar marigayi Baba ta maganin bindiga, wadda kika ɗaura mini a damtse ranar tafiya. Suka farke ta. Inno, ashe harsashi ne a ciki, wanda ba a harba ba.

Na rantse musu ban taɓa buɗe ta ba. Tafinta ya ce, "Magana ta ƙare, dokar nan ba ta san laya ba. Harsashi babu lasisi, sai kotu." Har yau ba a sa rana ba.

Don Allah kada ki ga laifin kanki. Abin da ke cina shi ne, waɗanda suka kore mu daga gona da bindigogi a kafaɗa, ba wanda ya tambaye su takarda. Ni harsashi ɗaya tak.

Ki ce wa Hussaini kada ya jira ni da shuka, bana ko baɗi. Ki sa ni a addu'a, amma kada a aiko da wata laya.

Ɗanki,
Rilwanu